Furen da Ya Goya Zumarsa a Baya

Dalilin da ya sa dogon furen nan shuɗi yake da ƙaimi a ƙeya kamar na zakara, kuma ba a barin yaro ko saniya su kai shi baki, ya faro ne daga safiya ɗaya tak, a ƙarshen wata damina, a ƙauyen Dutsen Raɓa. Ku matso ku gan shi da kyau, amma hannu a baya.

A wancan zamani furen ba shi da ƙaimi, ba kuma shuɗi ba ne. Fari ne tas, a buɗe kamar ɗan faifai, kuma a tsakiyar kowane ɗaya akwai ɗigon zuma a fili, ko ɗan yatsa aka dangwala sai ya ɗebo. Ganyensa ma zaƙi gare shi. Sunansa a lokacin Sha-ka-yi-shiru. Yana magana kamar yadda itatuwa da ciyayi suke yi a lokacin, sai dai shi ya fi su surutu.

Dutsen Raɓa yana can bisa tsauni, inda sanyi ba ya ƙarewa, gajimare kan sauko har ƙofar ɗaki. A ƙarshen ƙauyen, dab da gangaren da furen yake fitowa, akwai wata mata mai suna Tabawa. Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin yanke shawara, wani lokaci ma shawarar kan riga tunanin isowa. Sana'arta yaye. In yaro ya isa barin nono, uwarsa ta kawo shi wurin Tabawa, ya yi kwana bakwai, a mayar da shi ya manta.

Sauran mata masu yaye da ɗaci suke aiki. Su dafa ɓawon maɗaci har ya yi baƙi ya yi kauri, a shafa wa uwa a nono, yaro ya kama ya saki, ya yi kukan kwana uku. Tabawa ita ma da haka ta fara, da kaskon maɗacin da ta gada wurin uwarta. Amma tun ranar da ta gano Sha-ka-yi-shiru ta rataye kaskon a ragaya, a kusurwar ɗakin girki, ba ta ƙara waiwayarsa ba har shekara bakwai. Yaro na buɗe baki zai yi kuka, sai ta dangwalo zumar furen ta ɗiga masa a harshe. Ya yi shiru, ya lumshe ido, ya yi barci.

"A gidana," in ji ta, "kuka ba ya kai tsawon tafasar ruwa."

Ana zuwa wurinta daga ƙauyuka bakwai saboda wannan.

Matsalar ita ce ba yara kaɗai ne suka san zaƙin furen ba. Kowace shekara, in damina ta yi nisa, kwari ya cika da laka da ƙuda, wani makiyayi mai suna Yero yakan koro shanunsa zuwa kan tsauni. A gaban garken akwai wani jan bajimi da ake kira Tozo, wanda in ya shaƙi ƙanshin Sha-ka-yi-shiru ba sanda ba tsawa da ke tsayar da shi. Shanun kuwa inda ya sa kai nan suke sawa. Kuma kullum suna isowa ne lokacin da furen ya buɗe, kafin ya yi iri. Shekarar farko gangaren duka fari ne. Shekara ta uku rabi. A shekarar da muke magana, Tabawa ta ƙirga ta sake ƙirgawa: tushe tara suka rage a duniya. In aka cinye su kafin su yi iri, shi ke nan, an gama da Sha-ka-yi-shiru, an gama da yaye ba kuka.

Da sassafe ranar, tana shara, ta ji sallama. Yero ne, dogo siriri, sanda a kafaɗa, da 'yarsa Hajjo a wuya tana tsala ihu.

"Inna Tabawa, ga amana. Uwarta ta ce ke kaɗai. Tun daga gindin dutse take yi mini wannan waƙar a kunne."

"Kawo ta nan. Kai Ɗan Fillo, haka ake riƙe mutum? Kamar ka ɗauko ɗan maraƙi!" Ta karɓi yarinyar ta cilla a baya, ta ja majanyi ta ɗaure. Sai ta tsaya cak. "Tsaya. In kana nan, shanun suna ina?"

"Suna tafe. Na bar su suna shan ruwa a rafi. Kafin hantsi sun iso."

"Yau?"

"Yau mana."

"Yero, don Allah, kwana goma kawai. Kwana goma furen ya yi iri in tara. Ka kewaya da su ta bayan dutse."

Yero ya yi dariya har sandarsa ta zame. "Inna, ki faɗa wa Tozo da kanki. Ni bara da na tare shi, a kan ƙaya na kwana. Shanu ɗari da ashirin ne, ni kuwa ƙafa biyu gare ni."

"Ƙafa biyu da kai ɗaya, shi ma ba komai a ciki."

"Na ji, na gode. Bari in koma kada su watse."

Yana juya baya Tabawa ta zuba da gudu zuwa gangaren, Hajjo na jijjiga a bayanta. Tun kafin ta iso ta ji muryar furen.

"Na ji su! Na ji kukan Tozo! Tabawa, ki tumɓuke ni ki ɓoye a ɗaki!"

"In na tumɓuke ka ai ka mutu."

"To ki gina katanga!"

"Kafin hantsi?"

"To ki zauna ki yi kallo a cinye ni. Shekara bakwai ina rufa miki asiri, yara ɗari nawa na sa suka yi barci, yau ga sakayya."

Tabawa ta dafe kai. Hajjo ta ƙara ƙarfin kuka, tana lalube ta gefen haƙarƙari tana neman abin da ta saba. Tabawa ta buge ɗan hannun a hankali, sai kuma ta tsaya, idonta ya buɗe.

"Me ya bambanta Tozo da wannan yarinyar?" ta ce. "Shi ma zaƙi ya saba da shi. To yau zan yaye shi! Zan yaye garken gaba ɗaya!"

"Da me?"

"Da maɗaci. In shafe ka da shi daga ƙafa har wuya. Ya lasa sau ɗaya, ya tofar, ba ya ƙara dawowa. In sun wuce ruwan sama ya wanke ka."

"Ni za a shafa wa ɗaci? Ni?"

"Ko ɗaci ko cikin Tozo. Zaɓi."

Furen ya yi shiru, karo na farko a rayuwarsa. Sannan ya ce, "Yi sauri. Amma ki ɗiga wa yarinyar nan zuma tukuna, ta cika mini kunne."

"In na gama. Babu lokaci."

Yanzu akwai abin da Tabawa ba ta sani ba, ku kuwa ya kamata ku sani. Tana da ƙane mai suna Jatau, maharbi, wanda yake zaune a gidan tare da ita. Maharba suna da al'ada game da dafin kibiya: ba a ajiye shi a ɗakin da ake kwana, ba a kuma gaya wa kowa inda yake. Wata uku kafin wannan rana Jatau ya dafa sabon dafi, ya yi ta zagaye gida yana neman wurin da yaro ba zai taɓa kai hannu ba, ga gidan kullum cike da yara. Sai ya ɗaga kai ya ga kaskon maɗaci a ragaya. Ya yi tunani irin na mai hankali: duk yaron da ke ƙauyen nan ko sunan kaskon yaye ya ji sai ya gudu, Yaya kuwa ta shekara bakwai ba ta taɓa shi ba. Ya kankare busasshen maɗacin ya zubar, ya zuba dafinsa, ya mayar da murfi. Dafin baƙi ne mai kauri. Maɗacin ma baƙi ne mai kauri. Jatau ya yi kwanaki yana yaba wa kansa wannan dabara.

Tabawa ta faɗa ɗakin girki, ta sauke kaskon, ta buɗe.

"Ikon Allah! Shekara bakwai bai bushe ba! Kai, Inna ta iya dafa maɗaci."

Ta tsinko gashin zabo guda daga jikin danga ta koma gangaren da gudu.

Ta fara da tushen da ke ƙasa, kusa da hanya. Su ta shafa musu kaɗan-kaɗan, a tsanake, kamar mai sa wa amarya kwalli. Sai ta ji kukan shanu daga kwana ta biyu ta hanyar dutse. Ta ƙara sauri, ta ƙara yawa. Kafin ta kai na bakwai har ta fara jin kofato a kan duwatsu. Tushe uku na can sama, tsakanin duwatsu, ba ta tsaya shafawa ba, kaskon ta kifa musu a gindi, ta girgiza.

"Tabawa," in ji furen, "maɗacin nan naki yana da zafi."

"Haka yake. Daure."

"Yana shiga ciki fa. Ba a waje ya tsaya ba."

"Raki! Yara ma sun daure." Ta share gumi da gefen hannu. Yatsunta duk sun yi baƙi. "To Hajjo, zo ki sha naki, ki bar mu mu ji da abu ɗaya."

Ta sassauta majanyi ta juyo da yarinyar gaba. Ta miƙa ɗan yatsanta, baƙi ƙirin da abin kaskon, ta dangwalo zuma. Hajjo ta ga yatsa na zuwa, ta buɗe baki.

"YAYA! KADA KI BA TA!"

Jatau ne yake hawo gangaren, ba hula, ba takalmi, yana faɗuwa yana tashi. Ya ga sawun gadu, aladen daji, a gonar wani da asuba, ya dawo ɗaukar dafi, ya tarar da ragaya tana lilo ba komai.

"Janye hannunki! Dafi ne! Dafin kibiya ne a kaskon!"

Yatsan ya tsaya, tsakaninsa da harshen Hajjo bai kai faɗin ƙwayar gero uku ba. Tabawa ta janye shi a hankali, ta ɗaga hannun sama can nesa da yarinyar, ta dubi ƙanenta.

"A kaskon uwata?"

"Na ga ba kya amfani da shi..."

"Jatau, in muka fita daga wannan, ni da kai ne."

Ba ta rufe baki ba ƙasa ta girgiza. Tozo ya ɓullo daga bayan dutse, hanci a sama, wutsiya a miƙe, garke na biye da shi, Yero can baya yana ihu. Jatau ya buɗe hannuwa ya tare hanya. Tozo ya ture shi gefe kamar buhun ƙaiƙayi, ya kai baki kan tushe na biyar, ya tsinke shi gaba ɗaya, ya tauna sau biyu ya haɗiye.

Sai ya tsaya. Ya girgiza kai. Ya yi taku uku kamar mai tafiya a kan kwalekwale, ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe, ya faɗi rim, kumfa na fita daga bakinsa. Shanun da ke bayansa suka ja birki, suka shinshina iska, suka ja da baya gaba ɗaya.

Yero ya yar da sanda ya faɗa kan wuyan bajimin. "Tozo! Tozo! Me kuka ba shi? Shi kaɗai ubana ya bar mini! Duk maruƙan garken nan 'ya'yansa ne!"

"Wuta!" furen ya yi ƙara. "Wuta a ƙafata, tana hawowa! Tabawa, dube ni!"

Ta duba. Karan kowane tushe ya fara yin duhu daga ƙasa, duhun yana hawa a hankali kamar ruwa a tsumma.

Ta durƙusa ta goge hannunta da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta goge, ta sake gogewa da ciyawa mai raɓa. "Jatau! Babu maharbin da ke dafa dafi bai dafa makari ba. Ina yake?"

Jatau ya ciro wani ɗan ƙaho da ke rataye a wuyansa. Ya girgiza shi kusa da kunne. Fuskarsa ta canza.

"Na mutum ɗaya ne, Yaya. In aka jiƙa shi a ruwa aka zuba a gindin furen, zai wanke su duka takwas, su koma yadda suke. In aka ɗura wa bajimin, zai tashi. Amma ba zai yi duka biyu ba. Wani kuwa sai an yi wata guda ana haɗa shi."

"Ni!" in ji furen. "Ni za a ba! Shi ya kawo kansa!"

Yero ya ƙara ƙanƙame wuyan Tozo. Ya ɗago kai ya dubi Tabawa kawai, hawaye na bin kuncinsa.

Tabawa ta karɓi ƙahon. Ta dubi farin furen da ya ciyar da ita shekara bakwai. Ta dubi Tozo, wanda idonsa ya fara juyewa. Mace ce mai saurin yanke shawara, amma wannan karon sai da ta ja numfashi uku.

"Jatau, dafin zai kashe furen?"

"A'a. Itace ba ya mutuwa da shi. Sai dai ya zauna a jikinsa har abada."

"Bajimin fa?"

"Kafin rana ta take ya mutu."

"To ni na shafa, ni zan biya. Buɗe bakinsa."

Jatau ya kama muƙamuƙi, Yero ya danne ƙahon bajimin, Tabawa ta juye makarin duka a maƙogwaron Tozo, har ta buga gindin ɗan ƙahon makarin don kada ɗigo ya rage.

"Kin kashe ni!" furen ya fashe da kuka. "An ce ba zan mutu ba? In wutar nan ta kai ga zumata fa? Duk ƙudan zuman da ya sha zai faɗi. In ƙudan zuma ya daina zuwa, wa zai sa in yi iri? Kin cece ni daga bakin Tozo, kin kashe ni da hannunki!"

Gaskiya ya faɗa. Duhun ya wuce rabin kara, ya shiga ganye, yana dosar furannin da ke ƙasa.

"Jatau, ana tare dafi?"

"A jikin mutum, ana ɗaurewa sama da ciwon, tamau."

"Ɗauri!" Tabawa ta yi tsalle. "Ɗauri ai aikina ne! Yero, riƙe 'yarka!"

Ta miƙa masa Hajjo, ta kwance majanyin, ta sa haƙori ta zaro zare guda. Ta durƙusa gaban furen farko. Ta kama ganyen furen na sama da yatsa biyu, ta lanƙwasa shi baya, ta yi masa 'yar jaka, ta karkata furen har ɗigon zumar ya gangara ciki.

"Me kike yi mini?"

"Goyo. Abin da mace take tsoron a taɓa, a baya take sa shi. Tsaya cak."

Ta naɗa zaren a wuyan jakar, ta ƙulle. Sannan ta gwada da ƙaramin yatsanta. Ya shiga, ya taɓo zuma.

"Bai yi ba. In nawa ya kai, na yaro ma zai kai, kuma sai ya bi ta kan dafi kafin ya kai." Ta kama gindin jakar ta ja.

"Wayyo ƙeyata!"

Ta tsinko ɗan kara mai kaurin yatsan jinjiri ta zura. Ya taɓo.

"Saura kaɗan." Ta sake ja.

"Tabawa, za ki tsinke ni!"

Ta ja na uku, a hankali, tana murzawa kamar mai kaɗa zare, har jakar ta zama doguwa, siririya, mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ta zura karan. Bai kai ba.

"Yawwa! Sauran, kun gani? Ku yi yadda na yi! Maza! Ko 'yar shekara huɗu in ta ga uwarta ta yi goyo sau ɗaya ta iya!"

Ku zo ku ga abin mamaki. A kan tushe takwas ɗin nan, furanni ɗari da ɗoriya suka shiga lanƙwasa ganyensu baya, suna karkata kai, suna miƙa ƙeya, kowanne na nishi. Na ƙasa suka fara, na sama suka bi. Tabawa na gudu daga wannan tushe zuwa wancan, tana ja wa wanda ya gaza, tana yi wa mai jinkiri tsawa, Jatau na biye da ita yana zaro mata zare har majanyin ya koma raga. Duhun kuwa yana hawowa. Ya shiga furen farko, ya bazu a fuskarsa, ya doshi ƙeya, ya iso wurin ƙullin.

Ya tsaya.

Na ƙarshe da ta ƙulle shi ne ɗan ƙaramin da ke can ƙololuwar tushe na sama. Tana sakin zaren, launin ya rufe shi.

Ta zauna daɓas a ƙasa tana haki. Sai a lokacin ta ga abin da ya faru da gangaren. Tushe biyun farko, da ta shafa wa kaɗan, suna nan fari. Biyu na gaba sun yi ja-ja mai haske, kamar cikin kunnen ɗan zomo. Na sama da su ya yi launin sararin sama da safe. Ukun da ta kifa wa kasko kuwa sun yi shuɗi, shuɗin da ko a marina ba a taɓa fitar da irinsa ba. Kuma kowane fure da ɗan ƙaiminsa a ƙeya.

"Zumar tana nan?" ta tambaya.

"Tana nan," in ji furen da 'yar murya. "Amma wa zai same ta a can?"

Kamar an aiko shi, sai ga wani ƙaton ƙudan zuma. Ya sauka a kan shuɗin fure, ya duba tsakiya inda ya saba, bai ga komai ba. Ya zagaya. Ya tashi kamar zai tafi. Tabawa ta damƙe hannun Jatau har ya ce wash. Ƙudan ya dawo, ya cusa kai ciki, ya tura, ya ƙara turawa har rabin jikinsa ya ɓace, ya zura dogon harshensa. Shiru. Shiru. Sai ya fito da baya-baya, kansa duk garin fure, ya karkaɗe fiffike, ya faɗa fure na gaba.

Tabawa ta rangaɗa guɗa. A daidai lokacin Tozo ya yi atishawa, ya tattara ƙafafu, ya miƙe yana rawar jiki. Ya dubi furen sau ɗaya, ya juya masa baya, ya tafi can nesa ya tsaya.

"An yaye shi," in ji Jatau.

"Kai rufe mini baki."

Yero ya gama shafa bajiminsa, ya share ido, sai kuma fuskarsa ta ɗaure. "Inna, na gode da makari, har in mutu ba zan manta ba. Amma abin nan sai an tumɓuke shi. Tozo ya yi hankali, maruƙan baɗi fa? Ba su san komai ba."

"Ka taɓa shi ka gani. Wannan wahalar duka a banza na sha?"

"To in zuba ido ya kashe mini dukiya?"

Suka yi ta yi har rana ta take, Jatau na tsakiya yana ba kowa gaskiya, kowa na ce masa ya yi shiru. A ƙarshe ga yadda suka shirya. Tushen da ke ƙasa kusa da hanyar shanu, Tabawa za ta jira su yi iri, ta tara, ta shuka a cikin gidanta bayan danga, a bar hanya ba ko ɗaya. Ukun da ke sama tsakanin duwatsu za a bar su inda suke, Yero kuwa ya hana shanunsa hawa can har sai furen ya bushe. A kan makarin da aka ba Tozo, duk shekara zai kawo mata taki kwando biyar. Jatau kuma aka yanke masa gina dangar shi kaɗai, da sayen sabon kasko.

Yero ya miƙo mata Hajjo zai tafi. Yarinyar, da ta ɗan yi shiru saboda hayaniya, ta tuna abin da ya kawo ta. Ta buɗe baki ta dasa sabon kuka.

Hannun Tabawa ya tafi wajen furen da kansa, kamar yadda ya saba shekara bakwai. A rabin hanya ta tsayar da shi. Ta dubi hannun. Sai yanzu abin ya iso mata sosai: furen ya tsira, zai yi iri, amma ita ba za ta ƙara ɗiga wa yaro zumarsa ba har abada. Ba zuma, ba maɗaci, ba majanyi, ga amanar mutane tana tsala ihu a hannunta.

"Tabawa," furen ya ce a hankali, "juyo da ita nan."

"Kada ka soma. Ba ta taɓa ka."

"Ban ce ta taɓa ba. Juyo da fuskarta kawai."

Ta juyo da ita, ta riƙe 'yan hannuwan gam. Iska ta taso daga kwari. Dogayen karan nan suka shiga rangaji, fari da ja-ja da shuɗi, kowane fure na kaɗa ɗan goyonsa a baya, ƙudan zuma na shiga suna fita da baya-baya. Kukan Hajjo ya ragu. Ya koma shessheƙa. Bakinta na nan a buɗe, amma ba sauti. Idonta ya bi shuɗin can sama, ya dawo, ya sake bi. Sai ta yi dariya, da haƙoranta takwas.

"Ruwa bai tafasa ba," in ji Jatau.

Wannan karon Tabawa ba ta ce ya yi shiru ba.

Shi ya sa har yau, in kun duba ƙeyar furen nan, za ku ga ƙaimin da Tabawa ta ja sau uku, da zuma a can ƙarshensa inda sai mai dogon harshe ke kaiwa. Na cikin gida, jikokin waɗanda ta shuka bayan danga, sun sha taki sun yi tsawo har ba sa iya tsayuwa sai an kafa musu sanda, kamar 'ya'yan gata. Na kan tsauni kuwa gajeru ne, shuɗinsu ya fi duhu, makiyaya na kewaye su da shanu. Dafin Jatau yana nan a jikinsu duka, daga saiwa har iri. Ba a ci, ba a lasa, ba a ba dabba. Ana shuka shi ne don ido kawai, kuma har gobe in yaro ya dame ku da kuka, ku riƙe hannuwansa ku juyo da fuskarsa wajen furen.